Ƙafar Mai Awo a Jikin Bango

"Inna, matsa mana, mai awo ya ce in yaɓe bangon nan," in ji Datti magini, a gindin rumfar awon gyaɗa a kasuwar Gwarzo. A bangon, wani ya zana sikeli da gawayi, ƙafar mai awo na tallafe da shi.

Tsohuwar ba ta motsa ba. "Ɗan nan, tun da zanen nan ya bayyana, buhuna ya daina ramewa a sikeli."

"Aikin yara ne. Dubi yatsun, kamar rogo."

"Rogo? Ka taɓa zana ƙafa kana waige-waige, ga ciwon baya?"

Datti ya dubi baƙin gawayi a farcenta. Ya ɗaga murya don mai awo ya ji.

"Ƙasar nan ba ta tsimu ba! Ba yaɓe sai bayan kaka."