Ranar Da Goggo Ta Yi Guɗa A Gaban Likita

Ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Rifkatu, ina zaune a unguwar New Bell wurin Goggo Saratu, ƙanwar babana. Na tashi ne in ba da shaida.

Bara, da aka zaftare albashi, idona ya koma rawaya. Asibiti ya gagara, sai Goggo ta sayo jiƙo a kwalba wurin wani mai talla, wai yana kashe shawara, basir da mugun mafarki. Na yi ta sha. Na rame, amma cikina sai fitowa yake, har zanen ƙungiyar mawaƙa ya daina zagaye ni.

Budurwa da ciki haka, sai gulma ta tashi a coci. Aka mayar da ni layin baya na mawaƙa.

Goggo ta rufe ƙofa ta ce, "Rifkatu, sunansa kawai nake so. Mai babur ɗin nan ne?"

Na ce ban san namiji ba.

Ta ce, "Mace ɗaya ce ta taɓa faɗin haka aka yarda."

Na durƙusa ina kuka: Ubangiji, ka san ni, ka bayyana abin da ke cikina. Washegari Goggo ta ja ni asibiti, ba neman magani ba, don asirina ya tonu.

Likita ya duba ya ce ruwa ne. Wai ƙwayar ciwon hanta ta daɗe a jinina ba na ji. Duk inda ta ci, hanta ta warke da tabo. Tabo kan tabo har ta taurare, jini ya kasa ratsa ta, ruwa ya taru.

Goggo ta rangaɗa guɗa. "Na gode Yesu! Hanta ce kawai!"

"Madam, wannan ciwo yana kisa."

"Dokta, bari in gama tukuna."

Da ya ce jiƙon ma ya ƙara ɓarna, sai ta zauna.

An zuƙe ruwan. Tabon ba zai goge ba, amma likita ya ce ana iya tare ciwon. Ba jiƙo, ba gishiri. Cin miyar ganyen ndole ba gishiri, 'yan'uwa, shi ma gicciye ne.

Har yanzu ina tsoro, amma ina raye, na gode wa Ubangiji. Da ba a zarge ni ba, da ina nan ina shan kwalbar. Ku dogara gare shi, ku kuma je asibiti da wuri. Allahn da ya ɗauki 'yan gulma aiki don ya cece ni ba zai rasa wanda zai aiko muku ba. Amin.