Rasit Tara da Uwar Lamba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban wannan ƙungiya tamu ta kantin haɗin gwiwa, da mataimakinsa, da sakatare da ma'aji. Dattawan kwamiti, waɗanda muka tsufa tare da waɗanda suka zo suka tarar da mu. Manaja da ma'aikatansa, na tebur da na sito. Malam Odita mai binciken kuɗi, wanda ya zo mana da jakarsa. Injiniya, wanda kamfanin na'ura ya turo. Iyayenmu mata da ke can gefen taga. 'Yan'uwa masu hannun jari, har da waɗanda inuwa kawai ta kawo su, ina gaishe ku baki ɗaya, babba da yaro.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana taron bana, ina kuma godiya ga Shugaba da ya ba maigadi dama ya yi magana a gaban masu ilimi. An ce minti biyar aka ba ni. Agogon bangon nan ni nake sa masa batir, na kuma san yana gudu, don haka a yi mini haƙuri.

Shekarar da ambaliya ta tafi da tsohuwar gadar ƙarfe, aka yi wata biyu ana ƙetarowa da siminti a kwalekwale, a shekarar aka damƙa mini makullin ƙofar wannan kanti. Yau shekara arba'in da ɗaya ke nan. An ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To na ɗara da ɗaya. Ban yi makaranta ba, ko bihim ban sani ba, shi ya sa ba ku ga takarda a hannuna ba. Abin da na sani shi ne fuska, da tafiya, da muryar mutum in ya yi sallama.

An karanta mana abubuwan da za a yanke yau. Na huɗu, a sallami mai karɓar kuɗi. Na bakwai, a biya kamfani ya gyara mana na'urar kati. An raba su da lamba biyu a tsakani, ni kuwa na tashi ne in ce muku magana ɗaya ce.

Bari in fara da abin da ya faru, domin waɗanda suka ji shi a bakin titi.

Kun san Mai Rijiya. Shekara ashirin yana haƙa rijiya, shekara ashirin yana sayen igiya da bututu a nan. Wata huɗu da suka wuce ya sayi injin ban-ruwa. Bai zaro kati ba, wayarsa ya ɗora a kan na'ura, ta yi ƙara, aka ba shi rasit. Ni na kama masa injin muka ɗora a bayan babur. Bayan kwana shida ya dawo da shi, ya ce ba ya jan ruwa. Mutanen sito suka gwada, suka ce gaskiyarsa. Aka tura shi wurin mai karɓar kuɗi, wadda duk muke kira 'Yar Direba, a mayar masa da kuɗinsa.

Ta ce, "Kawu, ɗora wayar."

Ya ce, "'Yata, wayar tana ƙasan rijiya, gaba goma sha biyu. In kina da guga mu je."

Sai ya zaro katinsa na roba. Ta duba rasit, ta duba kati, lambobi huɗu na ƙarshe ba su yi daidai ba. Ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, wannan shi ya sayi injin nan?" Na ce shi ne, ga tabon man injin ma har yanzu a rigata. Ta mayar masa da kuɗinsa a katin, ya tafi.

Da Malam Odita ya zo, sai ya tarar an mayar da kuɗi a katin da bai taɓa sayen injin ba. Ya ƙara tonawa, ya samu irin wannan har sau tara cikin shekara guda, duka da sa hannunta. Doka ta ce kuɗi ya koma katin da ya fito. Aka dakatar da ita. Yau sati bakwai tana gida, da 'ya'ya uku, da uwa mai ciwon ƙafa, maƙwabta kuma sun fara rage murya in ta wuce.

Ban ga laifin Malam Odita ba. Abin da takarda ta nuna masa ya faɗa. Dokar ma ban ga laifinta ba, domin ina nan aka kafa ta. Zamanin manaja na uku, mai hular ulu ko ana zafi, wani akawu ya riƙa tsintar rasit ɗin da mutane suka yar a bakin ƙofa yana mayar wa surukinsa kuɗin kayan da bai saya ba. Ni na lura da yawan sunkuyonsa. Daga nan aka ce kuɗi ya koma inda ya fito. Dokar tana da dalili. Sai dai an yi ta ne lokacin da mutum ɗaya yake da kati ɗaya, kati ɗaya yake da lamba ɗaya.

Magana ta biyu. Ni ba na son na'urar nan, kowa ya sani. Ranar da aka kawo ta na ce ba za ta kai damina ba. Yau damina shida. Amma da abin ya taɓa yarinyar nan, sai na tare Injiniya a bakin ƙofa, na hana shi fita da motarsa, na ce sai ya gaya mini yadda mutum ɗaya ya zama biyu.

Ya ce, "Baba, abin da wuyar bayani."

Na ce, "Ni ma ƙofar da wuyar buɗewa."

Ya kashe mota. Ya ce in mutum ya sa katinsa a waya, banki ba ya ba wayar lambar katin ta ainihi, sai ya ba ta lambar aro, don ko ɓarawo ya same ta ba za ta amfane shi ba. In ya sa katin a agogon hannu, wata lambar aron daban. Ga kuma lambar da ke jikin roba. Asusu ɗaya, lamba uku. Na'urarmu kuwa lamba take gani, don haka baƙi uku take ƙirgawa.

Na ce masa, "Ashe ƙarfen ajiya ne."

Tsofaffin cikinku sun tuna. Kafin a yi rumfar babura, duk wanda ya zo da keke nakan ba shi ɗan ƙarfe mai lamba, in rataya ɗan'uwansa a wuyan keken. A jikin waɗannan ƙarafa na koyi lamba, ba a allo ba. Mutum zai zo da safe in ba shi bakwai, ya dawo da rana in ba shi talatin, ya aiko a karɓa masa kaya da yamma da sha biyu. Ƙarfe uku, mutum ɗaya. Ƙarfen bai san mai shi ba, ni na sani. Wanda ya tsinci ƙarfe a hanya ya zo da shi, keke ba ya fita.

Injiniya ya yi dariya ya ce, "To ai akwai irinka a cikin tsarin. Akwai wata lamba guda da ke bin asusun, ana iya ce mata uwar lamba. Ko da roba aka biya, ko da waya, ko da agogo, ita ba ta canzawa. Ba a sayen komai da ita, aikinta kawai ta ce wannan da wannan gida ɗaya suka fito. Na'urarku ba ta karɓarta, don ba a saita ta ta karɓa ba."

Na ce, "Me ya hana?"

Ya ce, "Shekara biyu da suka wuce an kawo muku takardar kuɗin gyaran, kuka ce tsada."

Jama'a, na tuna wannan taron. Ina tsaye a can baya. Da aka ce a ɗaga hannu, ni na fara ɗagawa cewa kada a biya, hannu biyu ma na ɗaga, Sakatare ya ce a sauke ɗaya. Kuɗin da muka hana ranar nan, yarinyar nan ce take biyansa da mutuncinta.

Magana ta uku ita ce mai nauyi a bakina, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wasu daga cikinku sun same ni sun ce, "Baba, kai kawai ka tashi ka ce ka san mutum taran nan, za mu yarda." Na gode da wannan zato. An karanta mini rasit taran ɗaya bayan ɗaya. Bakwai na san su kamar tafin hannuna: Mai Rijiya, da Tela, da malamar asibiti mai farar mota, da mai walda da ƙaninsa, da mai fenti, da tsohon ɗan sanda. Na ga shigarsu da kaya, na ga fitarsu. Biyu kuwa, na yi juyin duniya, fuskarsu ta ƙi zuwa. 'Yar Direba ta ce ta tambaye ni, na kuma yarda ta tambaye ni. Amma ba zan rantse a kan abin da ban tuna ba, ko don ita.

Ba wannan kaɗai ba. Watan jiya Mai Burodi, ga shi can zaune, ya zo ɗaukar babur ɗinsa, ya ce ya yar da takardar rumfa. Na dube shi sama da ƙasa na ce ban san shi ba. Mutumin da na ɗauka a kafaɗa yana yaro, uban yana zaɓen kwano a sito. Ya ce, "Baba, ni ne fa." Sai da ya yi dariya na gane shi, don dariyar ubansa ce. Ya rufa mini asiri bai gaya wa kowa ba. Yau ni na faɗa.

Shekara arba'in da ɗaya kuna jingine da idon tsoho ɗaya, ba ku rubuta shi a ko'ina ba, ba ku kuma tanadi magajinsa ba. Na'ura tana raba mutum uku, ni ina haɗa shi a bakin ƙofa, ku kuna ganin komai lafiya. To idon ya fara dushewa. In ba ku sa uwar lambar nan ba, gobe wata ce za ta zauna a teburin can, ta leƙo ta taga, ta tarar ba wanda za ta tambaya.

Sai dai ina da ja, kada Injiniya ya yi saurin murmushi. Kama da wane ba ta wane. Katin Tela yana cikin wayarsa, yana cikin wayar matarsa, yana cikin ta babban ɗansa. Uwar lamba za ta ce duka ɗaya ne. Asusu ɗaya ne, gaskiya, amma ƙafa shida ce take shigowa ta ƙofata. Na ji Manaja yana cewa in an gyara, zai san abin da kowa yake saya. A yi hattara. Na san wanda yake sayen fenti yana ɓoye wa ɗan'uwansa cewa gini yake yi, na san wadda ta sayi kwaɗo don ɗakin da ba ta so a shiga. Ban taɓa kai maganar wani gidan wani ba. In za a ba na'ura aikina, a ba ta har da kame bakina, a kuma rubuta wannan a doka tun yau.

Saboda haka roƙona uku ne. A ɗaga magana ta huɗu, ta sallamar mai karɓar kuɗi, kada a yanke ta yau. A amince da ta bakwai. Sannan Shugaba da Sakatare su sa hannu a takarda kafin a tashi, a roƙi bankin da ke karɓar mana kuɗin kati ya duba rasit taran nan, ya faɗa mana ko lambar saye da lambar mayarwa asusu ɗaya suke komawa. Injiniya ya ce ana iya tambaya, bai ce za a amsa da wuri ba. In amsa ta zo ta ce yarinyar nan ta karkatar da ko ɗaya, ku sallame ta, ku haɗa da ni, don ni na ce mata "shi ne". In kuwa ta fito da tsabta, a nan, a wannan zauren, a gaban waɗannan mutanen, za a faɗa, ba a lungun ofis ba.

Ubanta ya tuƙa motar kantin nan shekara goma sha tara. Ranar da ciwo ya kwantar da shi, ni ya aiko wa da makullin motar, ya ce in ba Manaja hannu da hannu, kada a ce ko ƙusa ta ɓata a wurinsa. Ban kawo wannan don ku ji tausayi ba. Gaskiyar uba ba ta wanke 'ya. Na kawo ne don ku san irin sunan da kuke shirin gogewa da ɗaga hannu, alhali akwai inda za a tambaya.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Allah ya tsare mu da yanke hukunci cikin duhu. Allah ya sa albarka a wannan kanti da masu shi da masu yi masa aiki, ya jiƙan waɗanda suka kafa shi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Abu na ƙarshe. Shugaba, ga makullin ƙofa, na ajiye a gabanka. Ba ajiye aiki na yi ba, kada wani ya fara auna kujerata. Gobe da safe ku nemi wanda zai buɗe, ku gaya masa kwaɗon ƙasa sai an ɗan ɗaga ƙyauren yake shiga. Ni zan ɗauki sandata da takardar da za ku sa wa hannu, in bi ta gidan 'Yar Direba in ce ta fito da rasit ɗinta, mu tafi bankin. Na san irin bencin da ke bakin ofisoshin nan, na kuma san za a ce mu dawo jibi. Shekara arba'in da ɗaya ina zaune a bakin ƙofa. Za su gaji kafin in gaji.

Na gode.