Hannun da Na Sa a Kan Rijiyar Diggi

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu.

Sunana Ishaya. Kun saba ganina a bencin baya, ina fita kafin a tashi. Yau zan faɗa muku abin da nake gudu.

Shekara shida na yi a wani kamfani da gwamnati ke ba kwangilar haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Gwandu da Kalgo. Aikina in duba rijiya, in sa hannu cewa ta kai zurfin da aka ce. Wadda muka haƙa a Diggi ko rabi ba ta kai ba. Na faɗa wa manajanmu, ya miƙo mini biro ya ce, "Ishaya, kai kaɗai ne mai tsoron Allah a nan?" Na sa hannu. Kuma ba ita ce ta farko ba.

Da rani ya yi, na bi ta Diggi na tarar famfon ya ƙafe, mata sun koma ɗibar ruwan tafki. Wani dattijo ya gane ni. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, mi kunka gina muna nan?" Na hau babur na tafi.

Sai masu binciken gwamnati suka fara bin kwangiloli ɗaya bayan ɗaya da na'urar auna zurfi. Manaja ya tara mu ya ce bakinmu ya zama ɗaya: ƙasa ce ta rufta. Kowa ya amsa, har da ni.

Matata Rifkatu da yara suna Zuru, ni kaɗai a ɗakin haya a Kalgo. Idan ta kira sai in ce lafiya lau. A ofis ana tsoron juna. A coci kunya ta hana ni kallon fasto. Ba ni da mutum ɗaya da zan faɗa wa.

Wata Talata da rana na shigo cocin nan, babu kowa. Na durƙusa. Sai na ce, "Ubangiji, na yi ƙarya, mutane suna shan ƙazanta saboda ni. Ina jin tsoro. Ka riƙe ni." Ban ji wata murya ba. Amma na tashi na san inda zan je.

Washegari na tafi Birnin Kebbi na faɗa wa masu bincike komai, har rijiyoyin da ba su sani ba. Jami'in ya ce, "Ka san kai ma kana ciki?" Na ce na sani.

Ba a ɗaure ni ba, an mai da ni shaida. Aiki kam na rasa shi. Abokan aikina idan sun hango ni a kasuwa sai su canza hanya. Da na faɗa wa Rifkatu, sai ta ce, "Da ka faɗa mini tun farko, ai da mun ɗauka tare."

Yanzu gyaran famfo nake yi, kuma shari'ar ba ta ƙare ba. Amma Yesu ya fitar da ni daga ƙarya, na gode masa. Ɗan'uwa, idan akwai abin da kake ɗauke da shi kai kaɗai, kawo masa. Ba zai sake ka ba. Amin.