Wa'adin Kotu da Jinyar Mama

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Baba Fasto, iyayena mata na zumunta, na gode da kuka ba ni wuri in faɗi abin da Ubangiji ya yi mini.

Sunana Hannatu. Yawancinku kun san ni da kamfanin kula da tsofaffi a gidajensu, wanda ni da marigayi maigidana muka buɗe a Takoma Park, nan Amurka. Abin da ba ku sani ba, bara kamfanin nan ya kusa mutuwa a hannuna, alhali kowace Lahadi ina shigowa nan da ɗaurin kallabina ina amsa muku da "lafiya lau".

Tun da maigidana ya rasu na ƙanƙame kamfanin kamar shi ne mutumin. Kuɗin inshora suka riƙa makara, na ci bashi na biya albashi, na ci wani na biya haya. Girman kai ya hana ni gaya wa kowa. Addu'ata ta koma ta bakin ƙofa, ina yi ina neman makullin mota.

Gida kuwa, shekara tara ban taka Wusasa ba. Duk Kirsimeti Mama za ta ce a waya, "Hannatu, yaushe?" In ce, "Baɗi, Mama, in aiki ya lafa." Sai in tura kuɗi in kashe waya, in zauna ina tuna yadda take zama gindin mangwaro tana gyaran zogale tana waƙar sujada ƙasa-ƙasa. Ina kewarta sosai, amma ban tafi ba.

Da abu ya fi ƙarfina, lauyata ta kai mu kotu neman kariya, don masu bin bashi su dakata mu sake tsayawa da ƙafafunmu. Ta ce doka ta ba ƙaramin kamfani irin namu kwana casa'in ya miƙa tsarin yadda zai biya. In wa'adi ya wuce babu tsari, alƙali na iya janye kariyar, ko a sayar da komai.

Saura kwana ashirin da ɗaya, tsarin bai kammala ba, ƙanena Ayuba ya kira ni. Ya ce, "Yaya, ɓarin jikin Mama ya shanye. Magana ba ta fita sosai, amma sunanki muke ji."

Na je ofishin lauya. Ta ce ana iya roƙon ƙarin wa'adi, amma sai alƙali ya yarda cewa jinkirin ba laifina ba ne. Ba za a saurari roƙon ba sai bayan kwana goma, kuma mai ginin da muke haya zai ƙi amincewa. Na ce mata, "In na tafi kuma aka hana fa?" Ta ce, "Ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba."

Na fito da tsakar rana na shiga mota, na kasa tayar da ita. A wurin fakin ɗin nan na yi addu'ar da rabona da irinta tun ranar jana'izar maigidana. Na ce, "Ya Uba, ni ina roƙon alƙali ya jira ni, ga uwata ta yi shekara tara tana jirana. Ka gafarta mini. Kamfanin nan na sake shi a hannunka. Ka bar mini Mama in same ta da rai."

Ban ji wata murya ba, 'yan'uwa. Tsoron ne kawai ya sauka daga ƙirjina.

Ranar na tara ma'aikatana na gaya musu gaskiya duka. Ladi, babbarsu, ta ce, "Anti, je ki. Tsofaffin nan mu za mu riƙe su." Na sa hannu a takardun lauya, washegari na hau jirgi.

Na tarar da Mama ta rame, bakinta ya karkace. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Kin zo." Shekaru ina wanke iyayen wasu a Maryland, ban taɓa yi wa tawa wanka ba sai lokacin. Na ba ta kunu da cokali, na shafa mata mai a ƙafa, na yanke mata farce.

Ina cikin yi mata kitso a tsakar gida saƙon lauya ya shigo. Mai gini ya ƙi, kamar yadda ta faɗa, amma alƙali ya duba takardar likitan Mama ya ƙara mana kwana talatin. Na karanta wa Mama da Hausa. Ba ta san kotun Amurka ba, ta dai ɗaga hannunta mai lafiya sama. Yabo ga Ubangiji!

Na yi mako uku da ita. Da na dawo muka miƙa tsarin a kan lokaci, kotu ta amince. Kamfanin ya ragu, mun koma ƙaramin ofis, amma babu ma'aikaciyar da ta rasa aikinta.

Mama ta koma ga Ubangiji wata biyu bayan dawowata. Har yanzu ranar Lahadi da yamma hannuna kan nemi waya don in kira ta, sai in tuna. Mako uku bai ishe ni ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma na gode wa Allah da ya ba ni su, don ban cancanci ko kwana ɗaya ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana ɗauke da kaya kana cewa lafiya lau, sauke shi gaban Yesu, yana ji. In kuma akwai mai jiranka a gida, ka kira shi yau bayan sujada, ka faɗa masa ranar zuwanka. Amin.