Cokali Guda na Maganin Tari

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, 'yan'uwa.

Sunana Ayuba, mai sayen fatu a Tambuwal. A da, in na faɗa muku rana ta fito, gara ku leƙa waje ku gani.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na sayo duro guda na wani ruwan Turawa daga ƙasar Faransa, wato maƙwabtanmu na hayin iyaka ta arewa. Masu jima suke wanke maiƙon fatar akuya da shi. Aka ce mini a littafin kwastan kuɗin fiton kayan sabulu yana da nauyi, na magani kuwa kaɗan ne. Sai na rubuta a takarda: maganin tari.

A bakin iyaka na tarar da Malam Bello, ma'aikacin kwastan, mutumin Kebbe. Ya dubi takarda, ya dubi duro.

"Ayuba, wanga tari na mutum na ko na raƙumi?"

Na ce, "Malam, na mutum ne. Ni ma shi nake sha."

Har na ƙaƙalo tari don ya yarda. Wayyo ni!

Ya ce, "Assha, ashe ba ka da lafiya." Ya aika aka kawo cokali, ya cika shi da hannunsa. "Bisimilla. In ka sha, ka wuce. In ƙarya ta, duro ya zauna, kai kau sai gaban alƙali."

Na kurɓa. 'Yan'uwa, ɗaci! Haɗiyewa ta gagara, tofarwa ta gagara. Hawaye na zuba, direbobi sun kewaye ni. Nan na yi kuka a zuciyata: Ya Yesu, in ka fid da ni yau, na bar ƙarya!

Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai kumfa. Kowace kalma da kumfarta, wata har ta tashi ta fashe a hular Malam Bello. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Da ya huce ya ce, "Tun da bakinka ya yi shaida, sabulu na." Ya yage takardata, ya ba ni sabuwa. Na biya kuɗin fito cif, bai kai ni ko'ina ba. Haleluya!

Kwana uku ban ji ɗanɗanon tuwo ba, amma tun daga ranar nan matata ta daina aika a tambayo ko da gaske kasuwa na je.

Godiya ga Ubangiji! Ku dogara gare shi, ku faɗi gaskiya tun ba a aika a kawo cokali ba. Amin.