Kar a Yi Saurin Rufe Ni

A tashar Titin Bauchi muna jiran mota ta cika, wata dattijuwa ta miƙa wa matar da ke gefenta kindirmo mai sanyi.

"Bismillah, 'yata. Na garin Vom ne."

"Na gode, Mama, ba na shan sanyi." Ta tofa yawu a ɗan gwangwani.

"Azumi kike?"

"Ciwon jijiya ne a maƙogwaro. Ko yawuna na haɗiye, sai in ji kamar an soka min allura mai wuta har cikin kunne."

"Anya ba sammu ba ne?"

"Haka aka yi ta cewa, har likita ya gano. Zafin ma da sauƙi. Wani lokaci in ya taso, zuciyata ke tsayawa in faɗi. Bara a Tudun Wada har an ja min zane a fuska, ana salati. Ina jin su sarai. Mama, in na faɗi a motar nan, kar ki bari a yi saurin rufe ni."

Dattijuwar ta kalli hannayenta.

"Shekara talatin ina wankan gawa," ta ce a hankali. "Akwai wata baiwar Allah, ina zuba mata ruwa na ga maƙogwaronta ya motsa."

"Sai kika yi yaya?"

"Maza na ƙofar gida suna jira. Aka ce rana tana yi, sai na rufe ta."

Matar ta ɗauki gwangwaninta, ta koma kujerar baya.