Kilishin da Na Kai Dubiya

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa. Ni ce Hauwa'u daga Nu'aija, Doha.

Ƙawata Meilin 'yar ƙabilar Minnan ce daga ƙasar Sin. Yayanta kyakkyawa ne kamar samarin littattafan soyayya, don kunya ban taɓa iya gaishe shi ba. Da na ji ciwon gaɓoɓin nan da ake kira gawut ya kumbura masa yatsan ƙafa, sai na kwashi kilishin Mama na kai dubiya. Ya cinye saboda kara. Washegari ya kasa taka ƙasa.

Meilin ta ce, "Hauwa'u, ciwon gadon gidanmu ne tun kakanmu. Jan nama ke tayar masa da shi!"

Sati biyu ke nan ina kauce wa layinsu. Anti, da wane ido zan ba shi haƙuri?